Haddar da na kai wa likitar ido a Lyon

Shekarun baya, tun gashin kaina na da sauran baƙi, tun ba ni da ko guntuwar takardar da ke cewa ƙasar Faransa ta san da zamana, wani abu ya faru da ni wanda har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai a cikin metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, mutane su dinga matsawa. Ku yi haƙuri da rubutuna. Lakwal, wato makarantar boko, aji biyu na yi aka kore ni saboda surutu, sauran boko da tsufana na tsince shi.

A lokacin ina zaune a Stains, can gefen Paris, a ɗakin da wani Alhaji ɗan Maraɗi ya ba mu, mu 'yan aikinsa. Sana'arsa tara kayan da Turawa suka gaji da su, ya cika kwantena ya aika gida: tayoyi, katifu, keken ɗinki, da tsofaffin firigo, wato firiji in ji 'yan'uwanmu na Najeriya. Ni ne mai ɗauka, ni ne mai ɗauri. In ka rufe mini ido ka ba ni firigo in runguma, zan gaya maka ko zai kai Zinder da ransa.

Shi kuwa mara takarda, duk jarinsa ido ne. Tun kana ƙasan matakalar metro za ka hango takalmin ɗan sanda a sama, ka juya a hankali kamar wanda ya manto abu a gida. Ni gwani ne a wannan. Abokan ɗaki ma bayana suke bi, in na tsaya su tsaya.

Sai idon ya fara yi mini wani irin abu. Bai zo da ciwo ba, da ladabi ya zo. Kamar an ɗiga madara a kofin ruwa, tana narkewa a hankali. Kuma in gaya muku gaskiya, da farko daɗinsa na ji. Paris ta yi kyau irin wanda ba ta taɓa yi mini ba. Da magariba kowace fitila sai ta yi rawani, jajayen fitilun motoci su haɗe su zama kogi guda yana gangara. Benayen unguwarmu, da kowa ya san yadda suke, suka koma kamar a bisa gajimare aka gina su. Babu mummuna ko ɗaya a gari. Duk matar da ta gifta sai in ce tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan. Wani lokaci ina tafe a gefen titi sai in ga kamar bakin gulbin garinmu ne da sanyin safiya, lokacin da tururi ke tashi bisa ruwa, har in kasa kunne ko zan ji muryar mahaifiyata tana kiran awaki.

Ban gaya wa kowa ba. Na sa kwalli, na ɗiga zuma, wani malami a Aubervilliers ya yi mini tofi. Madarar dai sai ƙara kauri take yi.

Asirina ya tonu wata safiya a wurin ajiyar kaya. Na shiga na ga Hajiya, matar Alhaji, tsaye a jikin bango da lulluɓinta mai fure. Na rusuna.

"Hajiya, ina kwana? Ina gajiya? Yaya yara, yaya sanyin nan?"

Shiru. Na ce ko fushi take yi da ni, na ƙara da tambayar mutanen gida. Sai na ji muryar Alhaji a bayana.

"Malam, in ta amsa ka gaya mini, in fasa sa ta a kwantena."

Katifa ce aka jingine.

Aka yi dariya, ni ma na yi, har na fi kowa. Amma bayan kwana kaɗan abin ya daina ba da dariya. A tashar jirgi ta Gare du Nord na hango wani abokina ɗan Tawa, da shuɗiyar rigar sanyinsa, ya yi gaba ya bar ni. Na bi shi da sauri na daki kafaɗarsa, na ce, "Kai ɗan banza, ba ka jira na?" Ya juyo. Ɗan sanda ne. Har ƙamshin turarensa na shaƙa. Allah ya taimake ni ana kiransa a na'urar da ke kafaɗarsa, ya kalle ni kamar mahaukaci, ya ture ni gefe ya wuce. Na zauna bisa wani dakali. A nan na gane ko dai in nemo idona, ko kuwa wata rana da ƙafata zan shiga motarsu in ce direba mu je.

Alhaji ya ce in tafi asibiti a Bobigny. Na ce ko da igiya ba mai ja na. A Bobigny ɗin nan babban ofishin takardu yake, kuma a ɗakinmu kowa ya haƙiƙance asibiti da ofishin ƙofarsu ta baya ɗaya ce. Abokina ɗan Tawa, wanda bai taɓa shiga ko ɗaya ba amma ya fi kowa sanin cikinsu, ya zaunar da ni ya yi mini bayani.

"Ka yi tunani mana. Bature na ajiye abin da ya lalace? Ba mu ne ke kwashewa ba? Firigo in ya daina sanyi, ina ake kai shi?"

"Kwantena," na ce.

"To. Gwada ka za su yi. In ka ci, su ba ka ɗan magani. In ka faɗi, su ce wannan ya tashi aiki, sai jirgi."

Maganar ta shige ni, don da hannuna nake wannan aikin kullum.

Ina da ɗiyar ƙanwata da ke karatu a jami'a a Lyon, tana haya a unguwar Minguettes. Ban san wanda ya kai mata tsegumi ba, ina zargin Hajiya, ta gaskiyar ba katifar ba. Ta kira ni, ko gaisuwar kirki ba ta bari mun gama ba.

"Kawu, gobe motar Alhaji za ta kawo kaya Lyon. Ka shigo ta."

"Ɗiyata, da sauƙi fa."

"Wane sauƙi? Ka gaida katifa! Akwai wurin da ake duba marasa takarda, Kawu. Doka ce ta ce a duba ku."

"Dokar da ta ce ba na nan, ita ce za ta duba mini ido?"

"Ka zo ka tambaye ta da kanka," ta ce, ta kashe waya. Halin uwarta sak.

Tafiyar nan ba zan manta ta ba. Lokacin bazararsu ne, gonaki sun yi fure. Ni ban ga gona ba, ban ga fure ba. Rawaya kawai na gani, ta malale daga bakin hanya har ƙarshen duniya, kamar marina ta kife. Can sai kore ya shigo, can sai wani fari-fari yana motsi, direba ya ce shanu ne. Na jingina kai da gilashi ina cewa a raina, in wannan ne kallona na ƙarshe a ƙasar nan, to ba a cuce ni ba. Da muka isa Minguettes da la'asar, na ɗaga kai na ga dogayen benaye farare tas suna iyo cikin haske. Na ce, "Ɗiyata, ashe a aljanna kike zaune." Ta ce, "Kawu, lallai idon ya yi nisa."

Washegari na sa babbar rigata ta Juma'a, na fesa turare, don kada a ga alamar lalacewa a jikina. Ta kai ni wani ɓangare na wani asibiti, can ta baya, inda irinmu ke zuwa. Mutane cike: Larabawa, baƙaƙe, wasu farare ma da ban san daga inda suka fito ba. Ɗakin likitar ido ƙarami ne, ƙofarsa ba ta rufuwa da kyau, kuma kujerata na dab da ita.

Sai na ji ana jarabawar.

Wanda ya shiga zai fara: "Zed, u." Ya ɗan tsaya. "Em, se, ef." Haka har ƙasa, inda muryarsa za ta fara rawa. Na biyu ya shiga, shi ma zed, u. Na uku ma haka. Na ce a raina, af, ashe tambayar ɗaya ce ba sa canzawa! To ni a boko ne aka kore ni, amma a makarantar allo ba yaron da ya kama ƙafata a hadda. Sau biyu malam ke biya mini, na uku ni ke biya wa na baya. Na rufe ido, na buɗe kunne. Wani ya tuntuɓe a layi na shida, wata yarinya mai kaifin ido ta zo ta gyara mini shi, ta kai ni har layin ƙarshe, Allah ya yi mata albarka duk inda take. Kafin a kira ni na haɗa abin tsaf, har da ƙira'a.

Ɗiyar ƙanwata ta zungure ni. "Kawu, me kake karantawa?"

"Addu'a," na ce.

Muka shiga. Likitar mace ce, muryarta ta manya, ba na ganin fuskarta sai farin gashi kamar auduga. Ta tambayi yaya idon. Na ce a gaya mata da sauƙi, alhamdu lillahi. A garinmu ko ana haƙa maka kabari aka tambaye ka jiki, da sauƙi za ka ce, balle a gaban mace, balle kuma a gidan da ka shiga ba sallama. Ɗiyar ƙanwata ta ja tsaki, ta faɗi abin da na ce, ta ƙara da nata mai tsawo wanda ban sa ta ba.

Aka zaunar da ni, aka ba ni wani abu kamar ludayi in rufe ido ɗaya. Likita ta ce in karanta abin da nake gani. Na waiga na hango wani fari mai kusurwa huɗu a jikin bango. Na gyara zama, na fuskance shi, na yi gyaran murya.

Jama'a, ban taɓa karatu mai daɗin na ranar ba. Zed, u. Em, se, ef. Ina yi ina rangaji kamar a gaban malam. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na sauka har layin yarinyar nan, na dire, saura kaɗan in shafa fatiha.

Ɗakin ya yi tsit. Na ce a raina, sun sha mamaki.

Sai ɗiyar ƙanwata ta ce, da wata ƙaramar murya, "Kawu."

"Na'am."

"Allon yana bayanka ta dama. Firigon magani kake karanta wa."

Ni. Ni da na goyi firigo fiye da yadda uwa ke goyon ɗa. Ko ƙugin injinsa ina ji tun shigowata, tsabar hadda ta hana ni lura.

Likitar ta so ta daure, ta kasa. Dariya ta ƙwace mata, ta ce a yi mata afuwa, ta sake fashewa. Ni kuwa na ajiye ludayin, na miƙe, na gyara babbar rigata don in faɗi da mutuncina.

"Ɗiyata, ki roƙar mini ita abu ɗaya. Kafin a kira su, a bar ni in koma Stains in ɗauko jakata, in yi sallama da Alhaji."

"A kira su wa?"

"Masu jirgi. Ai na faɗi."

Sai a lokacin ɗiyar ƙanwata ta gane. Muryarta ta canza. Ta juya ta yi wa likita bayani da Faransanci, na ji tana ambaton firigo da kwantena, don na taɓa gaya mata maganar ɗan Tawa a hanya. Dariyar likita ta ɗauke. Ta jawo kujerarta mai taya har gwiwarta ta kusa taɓa tawa, ta yi magana a hankali, ɗiyar ƙanwata tana juya mini.

"Ta ce ka zauna. Ta ce a nan wanda ya faɗi shi ake riƙewa, wanda ya ci shi ake sallama. Da ka fuskanci allon daidai, ta ce, wataƙila da ta yarda da kai, ta ba ka ɗan maganin ɗigawa, ka tafi ka makance a gida."

Na zauna.

"Ta ce ita ido ta karanta, ba takarda ba. Abin da ka faɗa a ɗakin nan ba ya fita, ko ɗan sanda ya tambaye ta ba ta da izinin gaya masa. Kuma ta ce kada ka yi mata godiya irin ta wanda aka ba sadaka. Kana cikin ƙasar, ka yi ciwo a cikinta, duba ka ya zama dole a kansu."

Ta haska mini wata fitila, ta leƙa. Ta ce yanar ido ce ta rufe idanun duka biyu, na dama ya fi nisa, kuma abu ne da ake cirewa. Ta sake tambaya ta, yaya idon? Na buɗe baki zan ce da sauƙi, ɗiyar ƙanwata ta taka mini ƙafa. Na ce, "Ba na ganin komai sai madara. Na daki ɗan sanda a Gare du Nord." Ta ce yawwa, yanzu muka fara.

Kada ku ce daga nan komai ya tafi sumul. An sha zirga-zirga. Sai da aka nemi shaidar na daɗe a ƙasar kafin a ba ni katin taimakon magani na marasa takarda, ni kuwa shekaru na yi ina goge sawuna. An maido mu, mun koma, an sake maido mu. Watanni na yi a Minguettes bisa katifar ɗiyar ƙanwata, ita tana kwana a ƙasa tsakanin littattafanta. Wata rana a layi wani dattijon Bature ya yi ta gunaguni yana kallona, na tambaya me yake cewa, ta ce wai da harajinsa za a gyara ni. Na ce ki gaya masa wataƙila ni na sauko masa da tsohon firigonsa daga bene na tara. Ta ƙi faɗa.

Ranar aikin ba a sa ni barci ba, idon kawai aka kashe. Aka lulluɓe mini fuska, aka bar wata 'yar kafa. Abin da na gani a ƙarƙashin mayafin nan ban san sunansa ba. Haske ne yana narkewa, shuɗi ya zama ruwan goro, ruwan goro ya zama wani launi da babu shi a kasuwa. Ruwa mai sanyi na gangara ta gefen kunnena. Can ƙasa-ƙasa suna hirarsu, wani ɗan inji yana kuka kamar sauro. Sai na tsinci kaina a zauren gidanmu ina yaro. Wani matafiyi ne kwance bisa tabarma, zazzaɓi ya kayar da shi a ƙofarmu, ba mu san yarensa ba. Mahaifiyata ta miƙo mini ƙwaryar kunu da jiƙon sabara ta ce in kai masa. Na ce, "Inna, wane ne shi?" Ta ce, "In ya iya zama ma tambaye shi." Na manta da wannan rana sam, sai a kan gadon nan ta dawo mini, har da ƙamshin kunun. Ina cikin miƙa wa mutumin ƙwarya na ji an dafa kafaɗata, an ce an gama.

Washegari aka cire bandejin.

Wayyo. Ashe duniya tana da baki-baki. Abu na farko da na gani fuskar ɗiyar ƙanwata ce, ta rame, ƙasan idonta ya yi baƙi saboda ni. Na biyu likita, da tamoji a goshi da wani ɗan tabo a haɓa. Na uku babbar rigata ta Juma'a, wadda nake taƙama da ita, ashe gabanta duk ɗigon miya ne, wata da watanni ba wanda ya gaya mini. Da muka koma Minguettes na ɗaga kai na ga benayen aljannar nan da tsatsa, da fentin da ya ɓare, da wanduna a shanye. Na shiga ban-ɗaki na tarar da wani tsoho a madubi yana harara ta. Na ce, "Ɗiyata, a koma a maido mini yanata." Ta yi dariya har da hawaye, kuma hawayen ma ɗaya-ɗaya na gan su.

Da na koma a duba ni, likita ta juya kujerata da hannunta ta fuskantar da ni allon, ta ce ban da hadda. Na gan su kuwa, baƙaƙe tas, kowane da ƙafafunsa, har ƙananan na ƙasa. Sai dai ban san wane ne zed ba, wane ne u. Na ce a gaya mata ina ganin kowa, sunayensu ne ban sani ba. Ta ɗauko wani allon mai zane kamar cokali mai yatsu, wani ya kalli sama, wani ya kalli gefe, ina nunawa da hannu. Ashe tun ranar farko akwai shi a bayan ƙofa, don irina aka yi shi. Tambaya ce kawai ban yi ba.

Bayan wani lokaci aka yi na hagun. Na koma Stains, na ci gaba da goyon firigo har bayana ya ce ya isa, takardu kuma suka zo a nasu lokacin. Abokina ɗan Tawa, da ciwon sukari ya kama shi, ni na ja shi har Bobigny. Ya leƙa bayan asibitin da kansa, bai ga ƙofar ba.

Yanzu ina ji a telebijin suna ta gardama, wai a rage wannan taimako, wai a soke shi. Ni ba mai ilimi ba ne, ba zan iya musu da masu ɗaure karabat a wuya ba. Na san dai ban tsallako teku don a gyara mini ido ba, lafiyata lau na zo, a nan na tsufa ina ɗaukar kayansu. Kuma ko ban ɗauki komai ba, mahaifiyata ba ta tambayi mutumin nan abin da ya taɓa yi mana ba kafin ta dama kunu. Ya faɗi a zaurenta ne kurum. Abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna, ba wanda ya kore ni daga asibiti, ni na kori kaina, kuma saura ƙiris wayona ya makantar da ni. Shi ya sa in na ga sabon zuwa yana dafe da ciki yana ce mini da sauƙi, sai in taka masa ƙafa.

Wani lokaci da magariba nakan cire tabarau in ɗan lumshe ido, ko fitilun za su sake yi mini rawani. Ba sa yi sosai. Haddar kuwa tana nan, ko wasali bai zube ba. Kwanaki ɗiyar ƙanwata ta zo da 'ya'yanta, na biya musu ita daga zed har ƙasa, da ƙira'ar da rangajin. Na tambaye ta, wai shin me karatun nan yake nufi da Faransanci? Ta ce, "Kawu, ba ya nufin komai, haruffa ne kawai aka jera."

Na ce mata duk da digirinta, ita ce ba ta iya karatu ba.